Sanƙiran Zamani

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Gaskiya ne, amma tun da rediyo ya shigo ƙasar nan, yawancin mutane ba su jin waƙa daga bakin mai ita kai tsaye. Sai ta bi ta hannun wani mutum da ke zaune cikin ɗaki a rufe, ga abin magana gabansa, ga tarin fayafayai a gefe. Shi ke zaɓen waƙar da za a ji, shi ke faɗin sunan mai ita ko ya ƙi faɗa, shi ke tsai da ita inda ya ga dama. Wannan mutum shi ne mai gabatar da shiri. Malamai sun yi rubuce-rubuce da yawa a kan makaɗa, amma ba a cika auna aikin wannan da ke tsaye tsakaninsu da jama'a ba, alhali kuwa gyaran waƙa da ɓacinta a kunnen mai saurare suna hannunsa. Saboda haka ya kamata a duba aikin nan, a ga abin da ya gada, da inda ya kyauta, da inda ya gaza.

Waƙa a gidanta

Turawa suna da wani irin kiɗa da su ke ɗauka shi ne mafi daraja, watau na gwanayensu na dā, irin su Mozart wanda ya rasu a 1791, da Beethoven wanda ya rasu a 1827. Kiɗan nan a rubuce ya ke da waɗansu alamomi, har wanda bai taɓa jinsa ba ya iya duba takarda ya kaɗa shi. A ƙasar Hausa abin da ya yi daidai da wannan matsayi shi ne kiɗan fada: tambari da kakaki da algaita da farai, sa'an nan waƙoƙin kotso da taushi da banga da jauje. Bambancin kuwa babba ne. Na Hausa ba a takarda ya ke ba, a ka ya ke, ɗa ya ɗauka daga uba, yaro ya ɗauka daga ubangida. In mai shi ya mutu ba a ɗauka ba, ya tafi da abinsa.

Waƙar fada tana da gida, kuma gidan nan shi ke fassara ta. A fadar Zazzau da sauran manyan fadoji an saba yin sara ran Alhamis da dare, makaɗan sarki su taru ƙofar fada su yi ta kiɗa da busa, jama'a su san gobe Jumma'a. Haka kuma ran hawan salla, ko ran naɗin sarauta. Waɗanda ke wurin sun san sarkin da a ke yi wa waƙar, sun san kakanninsa da a ke ambata, sun san ɗan sarkin da ya nemi gadon nan bai samu ba. In makaɗi ya ambaci wata dabba ya yi mata ba'a, ba mai bukatar a gaya masa da wa a ke. Lokaci kuma ba a ƙayyade shi ba, makaɗi ya yi ta yi har sai ya ga fuskar ubangidansa ta saki.

A gefen makaɗin akwai wani mutum da ba ya kiɗa, ba ya amshi. Shi ne sanƙira, ko ɗan ma'abba. Aikinsa ya ɗaga murya ya warware abin da makaɗi ya dunƙule, ya jero asalin wanda a ke yi wa waƙa, in an yi kyautar riga ko doki ya yayata kowa ya ji. Sa'ad da waƙa ta bar ƙofar fada ta shiga akwatin rediyo, ta bar sarki da 'yan kallo da sanƙira duk a baya. Mai gabatarwa shi kaɗai ya rage da zai maye gurbinsu. Wannan shi ne nauyin da ke kansa, ko ya sani ko bai sani ba.

Zuwan akwati

Rediyon farko da talakawa su ka sani a Arewa na waya ne. A kan ja waya daga ofishi zuwa wani ɗan akwati da a ke ratayewa a bango, mutum ya biya kuɗin haya, ya ji abin da a ka sako masa. An buɗe irinsa a Kano a 1944, ya kuma kai Zariya da Kaduna da Jos. A 1957 a ka kafa hukumar watsa labarai ta Nijeriya, watau NBC, a shekarar nan kuma BBC ta soma magana da Hausa daga Ingila. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ta buɗe nata gidan a Kaduna, wanda jama'a su ka fi sani da Rediyon Kaduna. A 1978 a ka haɗa shi cikin hukumar rediyo ta tarayya. Ya yi shekaru da yawa a na kama shi a gajeren zango har Nijar da Gana da Kamaru, ko ina Bahaushe ya je da fatauci.

Mutanen Tudun Wadan Zariya suna da dalilin kula da wannan al'amari fiye da kowa. A gefen unguwarsu ne Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945, inda a ka riƙa buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta soma fita a 1939 Malam Abubakar Imam na editanta. A nan ne kuma hukumar NORLA ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, ta buga littattafai masu yawa domin waɗanda su ka fito daga ajin Yaƙi da Jahilci. Aikin Gaskiya ya kai rubutacciyar waƙa hannun mai karatu. An buga Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, an buga waƙoƙin Sa'adu Zungur da na Mu'azu Haɗeja. Amma injin buga littafi ba ya iya buga amon kotso. Abin da Gaskiya ta yi wa waƙar malamai, rediyo ne kaɗai ya iya yi wa waƙar makaɗa. Ke nan mai gabatar da kiɗa a rediyo ɗan'uwan edita ne, kuma da ma'aunin edita ya kamata a auna shi.

Abin da rediyo ya yi wa waƙa

Alherin da rediyo ya yi ba ya ɓoyuwa. Dā mutumin Zazzau ya kan tsufa ya mutu bai taɓa jin muryar Ibrahim Narambaɗa ba, gama shi makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, can ya ke zaune wurin ubangidansa. Haka Salihu Jankiɗi, makaɗin taushi na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Rediyo ya ɗauko su ya kai su ko wane zaure. Matan da ke cikin kulle, waɗanda ba su da halin tsayawa ƙofar fada, su ka ji kakaki suna tsakar gida. Narambaɗa ya rasu tun farkon shekarun 1960, Jankiɗi ya rasu a 1973, amma har yanzu a na jin su, domin waɗansu ma'aikata sun ɗauki wahala sun naɗi muryoyinsu. Waɗannan ma'aikata sun cancanci yabo, ko da ya ke ba a san sunan yawancinsu ba.

Amma fa rediyo bai raba alherinsa daidai ba, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya lura. Akwai waƙar da ta dace da akwati, akwai wadda ba ta dace ba sai an taimake ta. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa shi kaɗai ne, ba 'yan amshi, murya ɗaya da tsirkiya ɗaya, abin magana ɗaya ya ishe shi. Yawancin waƙoƙinsa a kan zaman duniya su ke, irin ta karen mota, wadda kowa ya ji ya gane ba sai an yi masa bayani ba. Mamman Shata kuwa Hausarsa a miƙe ta ke, amshinsa gajere, kalangu na tafe da sauri, ya yi wa sarki, ya yi wa direba, ya yi wa ɗan kasuwa. Irin waɗannan rediyo ya ɗaukaka su ƙwarai, kuma sun isa a ɗaukaka su. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma ta ba Shata digirin girmamawa a 1988.

Waƙar kotso da ta taushi ba haka su ke ba. Tafiyarsu a hankali ce, cike su ke da sunayen mutanen da su ka shuɗe da garuruwan da a ka ci da yaƙi, Hausarsu kuma ta Sakkwato da Zamfara ce. Yaron Tudun Wada in ya ji an ce ɗiya, ya ɗauka 'ya mace a ke nufi, alhali a bakin Basakkwace 'ya'ya ke nan duka. In ya ji yat tahi, sai ya tsaya tunani kafin ya gane ya tafi a ke cewa, kafin nan kuwa makaɗi ya wuce. Irin wannan waƙa in an sako ta ba bayani, mai saurare zai ji daɗin amon, amma rabin dukiyar ya wuce shi. Ran da ya gaji sai ya murɗa akwati. Daga nan sai a ce jama'a ba su son kiɗan fada, alhali ba a taɓa buɗe musu ƙofarsa ba.

Inda a ke kuskure

Kuskure na fari shi ne rashin faɗin suna. Sau da yawa a kan sako waƙa ta ƙare, ba a ce ga mai ita ba, balle wanda a ka yi wa, ko abin kiɗan, ko zamanin da a ka yi ta. A Ingila, tun da BBC ta buɗe tasha ta musamman domin irin kiɗan nan nasu a 1946, al'adar mai gabatarwa ita ce ya faɗi wanda ya tsara kiɗan da waɗanda su ka kaɗa shi, ya yi shiru har a gama, sa'an nan ya sake faɗa domin wanda ya buɗe akwati a tsakiya. Su da abinsu ke rubuce sun ga wajibcin haka, ina ga mutanen da ba su da wata takarda sai bakin mai gabatarwa? Ba editan da zai buga littafi ba sunan mawallafi. Abu huɗu ne kawai: wa ya yi, wa a ka yi wa, da me a ka kaɗa, yaushe. Faɗinsu bai kai minti ɗaya ba.

Na biyu shi ne yanke waƙa inda ba gaɓa. Waƙar fada tana da gindi, watau abin da 'yan amshi ke maimaitawa, tana kuma da ɗiya, watau baitocin da jagora ke kawowa. Jagora ya kan ɗauko magana ya yi nisa da ita, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa masa, sa'an nan duka su komo kan gindi. Daɗin yana wurin komowar nan. Gwani irin Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya kan ja ɗa guda ya yi ta jinkirta saukarsa, mai saurare na jira kamar mai jiran tulu ya cika. Wanda ya katse waƙar kafin a sauka ya fizge akushi ne daga gaban mai ci. Dā akwai uzuri, gama faifan garmaho ba ya ɗaukar fiye da wajen minti uku a fuska guda. Yanzu wannan uzuri ya kau. In lokacin shiri ba zai ɗauki waƙa uku cikakku ba, a sa biyu. In tilas ne a yanke, a jira a komo gindi.

Na uku shi ne magana a kan waƙa. Shirin Zaɓi Sonka na gaishe-gaishe yana da amfaninsa, ya sada zumunci tsakanin mutanen da nisa ya raba, ba mai ƙinsa. Amma ɗabi'arsa ta yaɗu ta shiga inda ba wurinta ba. Sai a ji an rage muryar Narambaɗa a tsakiyar Bakandamiya domin a gai da wani mai shago, a ɗago ta, a sake ragewa. Sanƙira na gaske ya san lokacin da zai yi ƙaraji, ya kan jira makaɗi ya numfasa, kuma abin da zai faɗa ƙarin haske ne ga waƙar. Mai gabatarwa da ke son a ji muryarsa fiye da ta makaɗi ya manta ko wane ne baƙon, ko wane ne ɗan rakiya.

Na huɗu ya fi sauran wuya, shi ne sha'anin zambo da habaici. Makaɗin fada ba yabo kaɗai ya ke yi ba, ya kan ƙasƙantar da abokan hamayyar ubangidansa, ya siffanta su da dabbobi ko da wata tawaya ta jiki, ba ya kama suna. A nan masu gabatarwa sun kasu biyu, kuma duka sun kauce. Waɗansu su kan tsallake zambon kamar babu shi, sai su bar waƙar lami, gama zambo gishirinta ne. Waɗansu kuwa, don a ce sun sani, su kan ce wane a ke nufi, alhali jikokin wanen suna raye suna saurare, wani lokaci ma zato ne kawai ba tabbas. Hanyar da ta dace tana tsakani. A bayyana wa mai saurare cewa nan zambo ne, a nuna masa yadda sarauta ta ke da 'yan takara, a nuna gwanintar siffantawar, a bar sunan a rufe yadda mai waƙar ya bar shi. Shi da ya ƙi kama suna ya san abin da ya ke yi.

Na biyar ya shafi ɗaukar waƙar kanta. Makaɗin fada in an shigar da shi ɗaki a rufe, ba sarki, ba jama'a, ba mai miƙo kyauta, a ka ce ya yi, abin da zai fito sanyi gare shi. Ga kuma abin magana guda a gaban ganga, kiɗa ya danne murya, 'yan amshi su yi nisa kamar daga rijiya su ke amsawa. Kotso da taushi da yatsu a ke kaɗa su, amonsu mai laushi ne, an yi su ne don su bar wa magana hanya. Mai gabatarwa da ya san haka zai ɗauki rakodarsa ya tafi inda a ke yi, ya nemi izini, ya zauna kusa da jagora, ya ɗauko waƙar da ɗuminta.

Na shida shi ne kwaɗayi. Sanƙira yana da rabo cikin abin da makaɗi ya samu, wannan halal ɗinsa ne, sana'arsa ke nan. Mai gabatarwa a gidan rediyon hukuma kuwa da kuɗin jama'a a ke biyansa. Ran da ya soma sa waƙar wanda ya ba shi goro, ya ture ta wanda ba shi da abin bayarwa, ya zama maroƙi da kayan gwamnati. Abin ya fi muni ga tsofaffin makaɗa. Tun da a ka karɓe 'yan doka da kotuna daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, a ka kuma rushe tsarin En'e a 1976, ƙarfin fada na riƙe makaɗa ya ragu. Makaɗin da ba shi da mai ɗaukar nauyinsa, in rediyo ma ya ce sai ya biya, to, ina zai dosa? Matattu kuwa ba su da goron bayarwa ko kaɗan.

Abin da ke bayan fada

Ko da mai gabatarwa ya tsare duk waɗannan, aikinsa bai cika ba in ya tsaya ƙofar fada. Kusan ko wace sana'a a ƙasar Hausa tana da kiɗanta. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma, 'yan dambe suna da mawaƙansu irin su Ɗan Anace. Mata suna da shantu da kiɗan ƙwarya, wanda Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta fito da shi fili. Suna kuma da waƙoƙin niƙa da na daɓe da na reno, waɗanda ba su da wani ubangida. Injin niƙa ya kori dutsen niƙa daga gidaje da yawa, siminti ya kori daɓe, waƙoƙin na bin su. Tsohuwar da ta iya su ba za ta zo gidan rediyo da ƙafarta ba, sai an je an same ta, kuma mace ce za ta iya shiga inda ta ke. Saboda haka gidan rediyon da ba shi da mata cikin masu wannan aiki ya rufe wa kansa rabin taskar.

Akwai kuma sana'o'in da ido ke gani, kunne ba ya ji, irin gini da ɗinki da saƙa. A nan ne a ke gane gwanin magana. Masallacin Jumma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, masana gini na duniya sun yi rubutu a kan bakan gizonsa. Mai gabatarwa ba zai iya nuna shi a akwati ba, amma yana iya zaunar da magini ya tambaye shi yadda a ke jera azara a ɗaure baka har ya ɗauki nauyin soro. Yana iya zaunar da maɗinkin riga ya faɗi bambancin aska biyu da aska takwas, da kwanakin da ko wace ke ci. Sharaɗin shi ne ya yi tambaya gajeriya, ya bar mai sana'a ya yi magana da kalmomin sana'arsa. Kalmomin nan su ma dukiya ne, in sana'ar ta mutu da ita za su tafi.

Darasi daga Indiya

Wani zai ce duk wannan wahalar banza ce, gama samari sun koma ga waƙoƙin fim da kiɗan fiyano, tun da finafinan Hausa su ka bunƙasa a Kano cikin shekarun 1990. Wani kuma zai ce maganin abin shi ne a hana na zamanin, a cika akwati da na gargajiya. Labarin Indiya ya isa amsa ga duka biyun. Bayan ƙasar ta sami mulkin kai a 1947, sarakunanta da ke riƙe da manyan makaɗa su ka rasa mulki, sai rediyon gwamnati ya zama shi ne ubangidan makaɗan, ya riƙa ɗaukarsu yana biyansu. Wannan ya taimaki kiɗan ƙwarai. Amma ministan watsa labarai, Keskar, wanda ya hau a 1952, ya ƙi jinin waƙoƙin fim, ya matsa musu har su ka kusa ɓacewa daga rediyon. Jama'a ba su yi gardama ba, sai su ka murɗa akwatunansu zuwa rediyon Silon, ƙasar da a ke kira Siri Lanka yanzu, inda a ke sa musu abin da su ke so. A 1957 tilas gwamnati ta buɗe wata tasha ta waƙoƙin nishaɗi don ta komo da su.

A na iya kai doki rafi, ba a iya tilasta masa shan ruwa. Mai gabatarwa da ya buɗe shirinsa da zagin samari da kukan lalacewar zamani ya kori waɗanda ya fi bukata. Abin da ke jawo mutum shi ne labari. A gaya wa yaro wane ne Sarkin Gobir, me ya sa makaɗinsa ya yi wa doki waƙa, me kalmar nan ta ke nufi, sa'an nan a ce ya saurara ya ji inda za ta fito. In ya kama ta da kunnensa sau ɗaya, gobe shi zai nemi tashar da kansa. Ilmin yin haka kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun 1971 David Ames da Anthony King su ka fitar da littafin kalmomin kiɗan Hausa, bayan bincike a Zariya da Katsina, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero kuma ya rubuta tarihin makaɗa da hanyar nazarin waƙoƙinsu da Hausa. Mai gabatarwa da bai karanta ba, ba littafi ya rasa ba.

Ajiya

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi gaggawa. Zaren rakoda ba ya dawwama. Zafi na lalata shi, laima na sa masa fumfuna, in an daɗe ba a juya shi ba ya manne. Na'urorin da ke karanta shi ma sun yi wuya. Gaskiya ne waƙoƙi da yawa sun hau intanet, suna yawo cikin wayoyin hannu, amma sau da yawa ba suna, ko da sunan wani dabam, ko an gutsure su. Waƙar da ta rasa sunan mai ita da na wanda a ka yi wa ta zama kamar ɗan da ya ɓata a kasuwa. Wajibi ne ga ko wane gidan rediyo ya kwafe tsofaffin zarurrukansa zuwa na'urorin zamani, ya rubuta bayanin ko wace waƙa tun masu sanin bayanin suna da rai. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, 'yan amshinsu da makaɗansu da su ka rage kuwa tsufa ya kama su.

A nan wanda ya fito daga ajin Yaƙi da Jahilci yana da aikin yi, gama alƙalamin da ya koya ba na sa hannu kaɗai ba ne. In ya ji an sa waƙa ba a faɗi mai ita ba, ya rubuta wa gidan rediyon ya tambaya. In an yanke ta a tsakiya, ya rubuta ya ce bai ji daɗi ba. In an kyauta, ya rubuta ya yaba, domin ma'aikacin kirki ya sami abin nuna wa shugabansa. In akwai tsohon makaɗi ko tsohuwar zabiya a unguwarsu, ya zauna da su ya rubuta sunayensu da na iyayen gidansu da waƙoƙin da su ka yi, ya aika. Masu gidan rediyo suna ƙidaya takardun da su ka samu, da su su ke sanin shirin da za a ƙara wa lokaci da wanda za a soke. Shirin kiɗan fada da ba mai rubuto masa takarda, shi a ke fara sokewa ran da mai talla ya zo neman fili.